Ruwa a Ƙasan Kwalba

Duk mai gona a tsallaken gulbi, cikin mutanen Argungu, ya san jirgin Dikko kuma ya san ƙarar injinsa. Tsohon inji ne, fentinsa ya koɗe har ba a iya karanta sunan kamfanin da ya ƙera shi, murfinsa ma da waya aka ɗaure. Amma tun da Dikko ya saye shi hannun wani mutumin Yawuri, shekarar da aka yaye 'yarsa Sumayya, bai taɓa barinsa a tsakiyar ruwa ba. Jan igiya ɗaya, in sanyi ya kama shi ja biyu, sai ya tashi. Da shi ya ciyar da gida, da shi ya aurar da 'ya'ya. Yanzu Sumayya da kanta tana goyo, gemun Dikko ya yi fari fat, kafaɗarsa ta dama kuma ba ta barinsa ya kwanta a kanta.

Mijin Sumayya, Rabi'u, shi ke sayar da fetur a mashigi, inda jirage ke ɗaukar mutane. Tebur ne ƙarami ƙarƙashin giginya, da kwalabe jere, da jarkoki da mazurari. Daga gidan mai na cikin gari yake ɗaukowa a kan babur, masu jirgi da masu injin ban-ruwa su saya wurinsa don su huta da tafiya. Tsakaninsa da Dikko akwai kunyar surukuta. In Dikko ya zo, Rabi'u kan sauko daga benci ya tsuguna ya gaishe shi, ya karɓi tankin ya cika, ya auna baƙin man da ake gaurayawa, ya kai masa har cikin jirgi. Maganarsu ba ta wuce gaisuwa.

Da daminar bana ta kankama, injin ya fara wani hali da Dikko bai san shi da shi ba. Duk rani ya kwana a zaure da ragowar mai a cikinsa, kamar kowace shekara. Da aka mai da shi ruwa sai ya riƙa tari, ya yi kamar zai ɗauke, ya dawo. Dikko ya wanke fulogi, ya busa tiyo, ya ce tsufa ne, nasa da na injin.

Ranar da abin ya faru gulbi ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da ciyayi da rassan itace. Jirgin ya ɗauki mata masu zuwa dashen shinkafa, da wata tsohuwa da ake kira Umma mai kai wa 'ya'yanta abinci gona, da Tamba, abokin Dikko tun ƙuruciya, wanda ya ɗoro buhunan takin zamani. Sun kai daidai inda ruwa ya fi ƙarfi injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Dikko ya ja igiya. Ya sake ja. Ya ja har ya ji wani abu ya tsaga masa kafaɗa, injin ko gurnani bai yi ba. Kafin ya farga ruwa ya juya kan jirgin ya fara tafiya da su. Ya zura gwangwala, ba ta taɓa ƙasa ba. Filafili ɗaya ne a jirgin, shi ma ya daɗe ƙarƙashin katako ba a taɓa shi. Matan suka ɗauki salati. Tamba ya karɓi filafilin yana tuƙi iya ƙarfinsa, Dikko yana tare rassa da gwangwala, har jirgin ya je ya bugi wani kututture da ruwa ya rufe, ya karkata, ruwa ya kwararo ciki kafin ya daidaita.

Ba wanda ya faɗa ruwa, Allah ya kiyaye. Amma can nesa da mashigin tsallake suka samu suka maƙale cikin ciyawa, kowa ya fita cikin laka har gwiwa. Takin Tamba ya jiƙe yana narkewa ta bakin buhu. Tuwon Umma ya zama ruwa. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, ta zauna a kan tudu, ta kasa tashi sai da aka kama ta.

Tamba ya dubi buhunansa, ya dubi Dikko. Ya ce, “In injin ya gaji, ka hwaɗa muna, Dikko. Rayuka ka ɗauko.”

Wannan maganar ta fi ciwon kafaɗar zafi. Da mutane suka watse, Dikko ya zauna shi kaɗai a gindin jirgi, ya kwance 'yar ƙusar da ke ƙasan kabureta, wurin da mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, ya tara wata kwalbar lemo da ya tsinta. Ya ɗaga ta a rana. Mai ya tsaya a sama. A ƙasa kuwa ga wani abu fari-fari, ya kwanta daban, kamar ruwan tsaki. Ya ɗiga a yatsa ya shinshina. Ruwa ne.

Sai bayan azahar wani jirgi ya jawo shi zuwa mashigi. Labari ya riga shi isowa, an taru ƙarƙashin giginya ana maida zance. Rabi'u ya hango shi, ya sauko daga benci ya tsuguna.

“Baba, sannu. Allah ya tsare gaba. Mun ji abin da...”

Dikko ya dangwara kwalbar a kan tebur har sauran kwalaben suka yi ƙara.

“Duba wanga.”

Rabi'u ya duba.

“Ni za ka sayar ma ruwa? Ni da na ba ka ɗiya? Yau da an ka rasa rai cikin jirgina, mi za ka ce ma Allah?”

“Baba, wallahi yadda na ɗauko shi gidan mai haka na zuba maka. Ban taɓa...”

“To daga sama ya sauko ciki?”

Ba a taɓa jin Dikko ya ɗaga murya ba, balle a kan surukinsa. Rabi'u yana tsugune, kansa a ƙasa, kunnuwansa kamar za su yi jini. Can sai wani mai jirgi da ake kira Hodi ya ce shi ma nasa injin kwanan nan haka yake yi, kuma nan yake sayen mai. Wani mai injin ban-ruwa ya ce tiyonsa ya yi laushi kamar an dafa shi. Kowa ya tuna abin da ya same shi. Dikko ya ɗauki kwalbarsa ya wuce gida.

Matarsa Laure ta gasa masa kafaɗa da ruwan zafi. Sai da ta gama ta ce, “Malam, da ka kira shi zaure ku biyu.”

“Mutane na ɗauko, Laure. Mutane.”

“Na sani. Amma ɗiyarka ta na ɗakinshi.”

Ya juya fuska bango.

Daga nan teburin Rabi'u ya mutu. Masu jirgi suka koma ɗaukar jarka zuwa cikin gari da kansu. In Dikko ya zo mashigi da safe yakan gan shi zaune gaban kwalabe cike, ba mai tsayawa. Har yanzu yana saukowa ya tsuguna ya gaishe shi, Dikko ya amsa a daƙile ya wuce. Sumayya da kan leƙo gida kusan kullum ta ɗauke ƙafa. Sau ɗaya ta zo, ta gaida mahaifinta daga bakin ƙofa, ta shiga ɗakin Laure, aka jima ana magana ƙasa-ƙasa, ta fito idanu jajur ta tafi.

Dikko ya wanke tanki, ya shanya, ya je gidan mai da ƙafarsa ya tsaya a kan yaron famfo har ya cika masa jarka. Injin ya yi kwanaki yana aiki lafiya, Dikko ya ce a ransa to ga shi nan. Sai aka yi ruwan sama na kwana da kwanaki, jirage suka zauna. Ranar da gari ya washe ya ja igiya a bakin gaɓa, injin ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Ya tara kwalba. Ruwan nan dai, kwance a ƙasa.

Ya daɗe yana kallon kwalbar. Wannan man ba hannun da ya taɓa shi sai nasa.

Hodi ne ya ba shi labarin wani makanike a Birnin Kebbi, a Badariya, mai suna Silvanus, wanda ke taɓa injin jirgi. Dikko ya naɗe injin a tsohon bargo, aka ɗora a bayan mota tare da buhunan albasa, ya zauna kusa da shi ya dafe shi da hannun hagu duk hanyar. Daga tasha ya ɗauki keke mai ƙafa uku har bakin rumfar.

Silvanus mutumin Filato ne, ya daɗe a Birnin Kebbi har 'ya'yansa sun fi shi iya Hausar garin. Rumfarsa cike take da janareto da injinan ban-ruwa, an cire musu ciki. Ya kawo wa Dikko benci da ruwan sha, ya ɗaure injin a jikin wani ƙarfe, ya fara kwancewa yana jera sassan a kan faranti.

“Baba, zo ka gani,” in ji shi.

Ya miƙa masa tiyon mai. Dikko ya matsa shi, ya ji ya yi taɓo, baƙi ya manne masa a yatsa. Silvanus ya tsaga shi da reza, cikin ya kumbura ya ɓarɓashe. Ya nuna masa 'yar robar famfon mai, ta yi taushi ta yage a gefe. Ya buɗe kabureta, cikinta ya yi wani farin gari kamar kanwa, ƙananan ramukan duk sun toshe.

Dikko ya fito da kwalbarsa daga aljihu. “Wanga shi ya kawo ni. Wa ka zuba ruwa ciki?”

Silvanus ya karɓa ya girgiza, ya ajiye, suka kalli ruwan yana sake kwanciya.

“Ba lalle wani ya zuba ba, Baba. Wani fetur ɗin da ke zuwa, an haɗa shi da wani abu da ake kira itanol. Daga rake ko masara ko rogo ake tatso shi, kamar barasa yake. A mota sabuwa ba ka jin komai, ana sha ana ƙonewa. Amma abin yana da ƙishirwa. Yana jan laima daga iska. Kai kuma a kan ruwa kake, tankinka yana da ƙofar numfashi, damina ce. In man ya kwana biyu a zaune, sai ya sha ya sha, ya ƙoshi, sai ya rabu. Ruwan da itanol ɗin su sauka ƙasa, kuma daga ƙasa injinka yake zuƙa.”

“Man da kanshi ka jawo ruwa?”

“Da kansa. Kuma robar da aka yi wa injinan da, ba a yi ta don wannan ba, cinye ta yake. Ka ga waɗannan?” Ya nuna janareton da ke jibge. “Da yawansu ciwonsu ke nan. Ni ba ni da abin awo, ba zan rantse maka a kan man kowane gida ba. Amma na buɗe da yawa, na san kamanninsa.”

Dikko ya ce, “Ko da mutum bai taɓa jarka tai ba? Ya ɗauko ya zuba maka yadda an ka ba shi?”

“Ko da limami ne ya ɗauko.”

Dikko ya koma kan benci ya zauna. Matar Silvanus, Kezia, ta kawo wa mijinta abinci a kwano, ta gaida baƙo ta ce ya sa hannu. Ya yi godiya ya ce ya ƙoshi. Yana kallon titi, kekuna da babura suna wucewa, amma abin da yake gani shi ne kan Rabi'u a sunkuye gaban tebur.

Silvanus ya cire kan injin, ya leƙa, ya yi tsaki. Ya ce lokacin da injin ke zuƙar ruwan nan baƙin mai bai isa ciki ba, fistin, ƙarfen da ke kai da kawo a ciki, ya goge bangon injin ya yi zane. Ya ce kayan irin wannan injin sun daina zuwa, sai dai a ci sa'ar wani da ya mutu a cire. Zai sa sabon tiyo mai jurewa, ya yanka roba, ya wanke kabureta. Zai tashi, zai yi aiki, amma ba ƙarfin da.

“Kuma Baba, kada ka bar mai ya kwana a cikinsa. Ka sayi na yini. In ka tashi aiki, cire tiyo ka bar shi ya shanye na cikinsa ya mutu da kansa. Tanki ka rufe numfashinsa, ka kai inuwa. In za ka ajiye shi da rani, ka zazzage shi tas.”

“Kullum?”

“Kullum.”

Dikko ya gyaɗa kai. Shekara da shekaru yana ɗaure jirgi ya tafi gida, yanzu da tsufa an ƙara masa aiki.

Ya bar injin, ya koma Argungu da la'asar. Bai shiga gida ba, ya zarce mashigi. Ƙarƙashin giginya babu tebur, sai sawun ƙafafunsa a ƙasa da tabon mai. Hodi ya ce ai Rabi'u ya kwashe tun shekaranjiya, an ce ya karɓi babur ɗin wani yana kabu-kabu tsakanin Ambursa da Birnin Kebbi.

Washegari da safe, lokacin da mashigi ya fi cika, Dikko ya tsaya ya ce jama'a su saurare shi. Ya faɗi abin da makanike ya nuna masa, da tiyo da roba da yadda man ke shan laima. Ya ce Rabi'u bai zuba komai ba, shi ya yi gaggawa, kuma a nan ya faɗa don haka a nan yake janyewa.

Aka saurare shi da ladabi. Tamba ya ce Allah ya sa mu dace. Hodi ya tambayi inda ake samun tiyon. Wasu suka ci gaba da loda kaya. Yana juyawa ya ji wani daga baya yana cewa, ƙasa-ƙasa, “Suruki nai na, dole ya gyara mashi.” Wani ya ce shi dai bai taɓa jin mai ya sha ruwa da kansa ba. Dikko ya tsaya kamar zai juyo, sai ya ji ba shi da ƙarfin sake farawa. Ranar da ya yi zargi magana ɗaya ta isa. Yau ya yi bayani har bakinsa ya bushe.

Ranar da ya koma karɓo injin ya sauka a Ambursa. 'Yan kabu-kabu suna jere a bakin hanya ƙarƙashin dalbejiya. Ya hango Rabi'u a cikinsu, ya rame, ya yi baƙi, ya ɗaure fuska da ƙyalle. Da Rabi'u ya gan shi ya kafe babur ya taho da sauri ya tsuguna a gefen kwalta.

“Baba, lahiya? Kai da kanka?”

“Tashi.”

Bai tashi ba. Dole Dikko ya rage tsawo, ya dafa gwiwa, ya tsuguna shi ma, motoci suna wucewa suna watsa musu iska. Ya faɗa masa duka, bai rage ba. Ya ce, “Na zalunce ka gaban mutane. Ka yahe mani.”

Rabi'u ya ce, “Haba Baba. Ba komai. Kai uba na.”

“Ka dawo ka aza teburinka. Ni zan hwara saye.”

Rabi'u yana ta wasa da makullin babur. Can ya ce, “Baba, ko na aza, duk wanda injinshi ya yi tari ni za ya duba. Kuma za su yi tari, tunda ka ce daga man na. Ban iya zama ina kallon idon mutane. Na samu ɗaki Gwadangaji, nan bakin Birnin Kebbi. In an ka yi girbi zan ɗauko iyali.”

Babu fushi a muryarsa, kuma Dikko ya so a ce akwai. Rabi'u ya nace sai ya kai shi Badariya. Ya hau bayansa, suka tafi, Dikko ya rasa inda zai sa hannunsa, ya riƙe ƙarfen baya. A bakin rumfar Silvanus, Rabi'u ya taya aka naɗe injin a bargo, ya tsayar da keke, ya ɗora, ya yi sallama ya juya.

Injin ya yi aiki sauran daminar. Ƙararsa ta canja, kuma in jirgi ya cika sai ya riƙa nishi a tsakiyar ruwa, don haka Dikko ya rage yawan mutanen da yake ɗauka, ya sayi filafili biyu ya ajiye a inda hannu zai kai. Wasu tsofaffin fasinjojinsa sun koma jirgin wani matashi mai sabon inji. Umma ba ta sake shiga jirgin kowa ba, jikokinta ke kai abincin. Kowace safiya Dikko ya taka zuwa cikin gari da 'yar jarka, kowace yamma ya tsaya a bakin gaɓa bayan kowa ya tafi, ya cire tiyo, ya jira injin ya shanye ya mutu, ya saɓi tanki a kafaɗar hagu ya hau tudu a hankali.

Bayan girbi motar kaya ta zo ƙofar gidan Rabi'u. Laure ta tafi tun da sassafe taya 'yarta haɗa kaya. Dikko ya ce ba za shi ba, sai ga shi da hantsi ya zo ya tsaya daga nesa. Da ya ga yadda suke ɗaure gado da katifa sakwa-sakwa bai iya haƙuri ba, ya matso ya karɓi igiyar ya yi mata ɗaurin jirgi. Sumayya ta fito da goyo, ta durƙusa gabansa. Ya so ya yi mata doguwar magana, abin da ya fito kawai shi ne ta riƙa kula da yarinyar, garin akwai motoci.

Ta ce, “To, Baba. Mu na zuwa da salla.”

Motar ta tashi. Laure ta goge ido da bakin mayafi ta ce ta bar tukunya a wuta, ta yi gaba. Dikko ya tsaya har wata maƙwabciya ta fito ta ja ƙyauren gidan ta sa kwaɗo, sannan ya bi bayan matarsa.